Kabari Babu Gawa: Karatun Dutsen Tunawa da Likita Baikie a Kirkwall



A cikin babbar majami'ar garin Kirkwall, can tsibiran Orkney da ke arewa da Sikotilan, akwai wani gini na dutse mai kama da kabari. Babu kowa a cikinsa. Wanda aka gina shi dominsa, Likita William Balfour Baikie na rundunar sojan ruwan Birtaniya, ya rasu a Firitawun ta ƙasar Saliyo ranar 12 ga Disamba 1864 yana da shekara 39, kuma can aka binne shi. Aikin da ya fito da sunansa kuwa a bakin Kwara da Binuwai ya yi shi, musamman a Lakwaja. Mutum ɗaya ke nan ya rabu gida uku: suna a mahaifa, gawa a kan hanya, aiki a ƙasar wasu.

Rubutun da aka sassaƙa a jikin dutsen ya ambaci kogunanmu, ya ambaci harsunanmu, ya ambaci sarakuna da talakawansu. Amma ba da mu yake magana ba. Danginsa da mutanen garinsa aka rubuta wa. Hujjar wannan takarda ita ce, tun da an sa mu a cikin maganar, muna da hakkin mu karanta ta yadda malaman hadisi ke karanta ruwaya: a duba matani, a duba mai ruwaya, a bambanta abin da aka gani da ido da abin da aka ji a bakin wani.

Garin da ya saba binne suna

Orkney ƙasa ce ta manoma da masunta da matuƙan jirgi. Teku ta kewaye ko'ina, saurayi ya tasa sai ya fita nema. A ƙarshen ƙarni na 18 kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan kamfanin Hudson's Bay a Kanada 'yan waɗannan tsibirai ne. Wanda ya mutu a tsakiyar teku a zamanin, ɗinke shi ake yi a cikin ƙyallen jirgi, a sa masa nauyi a ƙafa, a sake shi cikin ruwa. Wanda ya mutu a gaɓar ƙasa mai zafi kuwa ba ya daɗewa ba a rufe shi ba. Labari ne kawai ke isa gida, wani lokaci bayan watanni. Uwa ba ta ga gawa ba, ba ta da wurin da za ta je ta tsaya. Shi ya sa a maƙabartun majami'u na garuruwan bakin teku a Birtaniya za ka tarar da dutsen iyali ɗauke da sunan uba da na uwa, sannan a ƙasa an ƙara layi: ɗansu wane, hafsan sojan ruwa, ya rasu a ƙasa kaza yana da shekara kaza. Wanda ya yi suna shi ake ware wa gini nasa a cikin majami'ar kanta. Baikie na cikin irin waɗannan.

Majami'ar da ake magana an aza harsashinta a 1137. Wani basarake mai suna Rognvald ya gina ta da jan dutse da rawaya domin tunawa da kawunsa Magnus da aka kashe a tsibirin Egilsay. A jingine da bangonta akwai tsofaffin duwatsun kaburbura na ƙarni na 17, an sassaƙa musu ƙoƙon kai da ƙasusuwa da kwalbar yashi mai auna lokaci. Waɗannan wa'azi suke yi wa mai wucewa, suna tuna masa cewa shi ma yana tafe. Dutsen Baikie bai yi wa'azi ba, kirari ya yi. A cikin ginin ne kuma aka ajiye gunkin John Rae, wani likita ɗan Orkney da ya yi suna a binciken ƙasashen ƙanƙara na arewacin Kanada, an sassaƙa shi kwance yana barci, bindigarsa a gefe. Rae ya tsufa, ya rasu a Landan a 1893, aka kawo gawarsa gida aka binne a harabar majami'ar. Baikie bai sami wannan ba.

Tafiya biyu da kwalbar kwinin

An haifi Baikie a Kirkwall a 1825, mahaifinsa ma kyaftin ne na sojan ruwa. Ya karanta aikin likita a Edinbara, ya shiga soja a 1848 a matsayin mataimakin likita.

Kafin a gane abin da ya yi, sai an koma 1841. A shekarar gwamnatin Birtaniya ta turo jirage uku masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau Kwara, su ƙulla yarjejeniya da sarakuna a kan hana cinikin bayi, su kafa gonar gwaji a mahaɗar Kwara da Binuwai. Zazzaɓi ya shiga cikinsu kamar wutar daji. Fiye da mutum 40 daga cikin Turawa kusan 150 suka mutu, har da Bird Allen, kwamandan jirgin Soudan. Ingila ta ɗauki kogin a matsayin maƙabarta, ta janye hannu fiye da shekara goma.

Abin da ya dawo da hankalinsu shi ne labarin Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim. A 1851 ya ƙetare Binuwai kusa da Yola, ya aika da cewa wannan ruwan shi ne mai gangarawa ya haɗu da Kwara. Ɗan kasuwa Macgregor Laird ya tanadi jirgi mai suna Pleiad, aka sa John Beecroft, jakadan Birtaniya a tsibirin Fanandopo, ya ja tafiyar, Baikie kuwa likita ne kawai da mai nazarin tsirrai da dabbobi. Kafin jirgi ya iso Beecroft ya rasu. Ragama ta faɗo hannun saurayi ɗan shekara 28. A daminar 1854 ya shiga kogin da Turawa 12 da 'yan Afirka fiye da 50, cikinsu har da Samuel Ajayi Crowther. Suka hau Binuwai har suka wuce iyakar da wani Bature ya taɓa kaiwa ta ruwa da kusan mil 250, suka ziyarci Hamaruwa ta ƙasar Muri, suka juyo. Kwana 118 suka yi, ba wanda ya mutu.

Sirrin bai wuce kwinin ba. Maganin ba sabo ba ne, tun 1820 wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka tace shi daga ɓawon itacen sinkona, kuma wani likitan sojan ruwa, Alexander Bryson, ya riga ya ba da shawarar a riƙa shan sa tun kafin ciwo ya zo. Abin da Baikie ya yi shi ne ya tsaya kai da fata a kan cewa kowane Bature sai ya sha kullum, da lafiya ko babu. Rigakafi ya mai da shi, ba magani ba.

A 1857 ya dawo da jirgin Dayspring. Wannan karon dutse ya fasa jirgin a kusa da Jebba, suka zauna a bakin kogi kusan shekara guda kafin wani jirgi ya zo. Baikie bai koma gida ba. Ya gangaro mahaɗar kogunan, ya zauna a gindin dutsen Patti, ya share fili, ya gina bukkoki, ya buɗe kasuwa. An rubuta cewa cikin shekara uku fatake fiye da 2,000 suka ziyarci wurin. A 1862 ya hau doki ya bi ta Bida da Zariya har Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. A 1864 jirgin soja ya zo ya ɗauke shi. Ya sauka a Firitawun gidan wani attajiri, Charles Heddle, don ya huta ya shirya takardunsa, ajali ya same shi a nan.

Abin da dutsen ya ce

Matanin ya kira shi mai binciken Kwara da Chadda, wato Binuwai. Ya kira shi mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan tsakiyar Afirka. Ya ce ya sadaukar da rai da dukiya da basira don ya mai da arne, ɗan daji, bawa, ya zama ɗa mai 'yanci kuma Kirista. Ya ce ya sami girmamawa da amincewar sarakuna da jama'a. Ya rufe da cewa yanayin ƙasar, wanda ya kare mutane da yawa daga sharrinsa, shi ne ya ci shi.

Maganar yanayi ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A 1864 Turawa sun yarda cewa mugun tururi mai tashi daga fadama ke kawo zazzaɓi, sunan maleriya ma daga Italiyanci yake, ma'anarsa mugun iska. Sai a 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Dutsen shaida ne na zamanin da aka san rigakafi ba a san sanadi ba. Yaron da ya ce zazzaɓin cizon sauro a yau ya faɗi abin da masu sassaƙar ba su sani ba.

Maganar fassara ita ce ta fi shafar masu nazarin Hausa, kuma a nan ne kirarin ya wuce gona da iri. Baikie bai fassara Littafi Mai Tsarki dukansa zuwa ko da harshe ɗaya ba. Abin da ya tabbata shi ne ya tattara jerin kalmomi na harsuna kusan 50, ya wallafa ɗan littafi a kan Hausa da Fulfulde a 1861, ya fassara sassa na Littafin da na addu'o'in coci zuwa Hausa. Zaburarsa ba ta fito ba sai a 1881, shekara 17 bayan rasuwarsa, da sunan Letafi Zabura. Kafin shi James Frederick Schön, wanda ya shiga tafiyar 1841, ya fitar da ƙamus ɗan ƙarami a 1843, ya fassara Matta a 1857, ya wallafa nahawu a 1862. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa sai a 1932 ya fito.

Ba rage masa daraja nake yi ba. Mutumin da ke zaune a bukka, shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne mai kula da kasuwa, sannan da dare ya kunna fitila ya zauna neman kalmar Hausa da za ta ɗauki ma'anar wata aya, ya cancanci a jinjina masa. Tambayata dai ita ce: a bakin wa ya ji Hausar? Babu baƙon da ke fassara shi kaɗai. Yana faɗar jimla, wani na gyara masa, yana tambayar sunan abu, wani na ba shi biyu ya zaɓa. A Lakwaja ta wancan lokaci Hausa harshen fatake ce da 'yantattun bayi, ba harshen 'yan ƙasa ba. Mun san sunan aƙalla mutum ɗaya da ya tsaya kusa da shi. Abbega yaro ne ɗan ƙabilar Margi, wanda Overweg, abokin tafiyar Barth, ya 'yanta tare da Dorugu ɗan ƙasar Damagaram. Barth ya tafi da su biyun Ingila a 1855, suka zauna wurin Schön. Abbega ya dawo a 1857, ya yi wa Baikie tafinta, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dutsen Kirkwall bai san da shi ba. Bai san da Crowther ba, wanda ya shiga tafiyar 1841 da ta 1854 da ta 1857, aka kuma naɗa shi bishop a Kantabari a shekarar da Baikie ya rasu. Bai san da matuƙan Kru da suka sare itacen da tukunyar jirgin ke ci ba.

Sai kalmomin nan uku masu nauyi: arne, ɗan daji, bawa. Duk wanda ya karanta su daga wannan ɓangare na duniya sai ransa ya sosu, kuma ban ga dalilin ɓoye haka ba. Hanyar da Baikie ya bi a 1862 ta ratsa masarautu masu alƙalai da limamai da makarantun allo, inda ake rubuta wasiƙa da Larabci a buga mata hatimi. Shi ya ga wannan da idonsa. Masu rubuta matanin ba su gani ba, sun ɗauko kalmomin da aka saba tara kuɗin mishan da su a coci-cocin Birtaniya ne. A nan mai ruwaya ya yi wa wanda ake ruwaitowa ƙari.

Amma akwai abin da ya fi wannan wuyar haɗiya, kuma ya shafe mu kai tsaye. Bayi gaskiya ne. Baikie ya fanshi bayi da kuɗinsa ya zaunar da su a Lakwaja. Su wa ke kama su? A shekarun nan babban mai iko a wannan yanki shi ne Etsu Nupe Masaba na Bida, wanda ya koma gadon sarauta a 1859, kuma dakarunsa na kai hari kan ƙananan al'ummomin da ke kewaye da mahaɗar kogunan suna kwasar mutane. Wannan Masaba shi ne garkuwar Baikie. Da izininsa ya zauna, a ƙarƙashin inuwarsa kasuwar ta ci. Shi kuma abin da yake nema daga jiragen Turawa ya haɗa da bindiga da albarushi. Ga mai 'yanta bayi yana zaune lafiya albarkacin mai kama su. Dutsen ya taƙaita wannan duka da cewa ya sami amincewar sarakuna. Maganar gaskiya ce, domin Bature ba ya shekara biyar a wuri babu runduna sai da yardar masu wurin, har ana danganta kalmar beke da Inyamurai ke kiran Bature da sunansa. Sai dai gaskiyar ta rufe ciniki mai ɗaci wanda ɓangarorin biyu suka san farashinsa. Idan muka zargi Kirkwall da yin shiru a kan Abbega, wajibi ne mu ma mu daina yin shiru a kan ƙauyukan da aka watsa.

Abu na ƙarshe da dutsen ya faɗa ba tare da ya san iyakarsa ba shi ne cewa Baikie ya samo wa Birtaniya sabon tasiri. Ƙofar da kwinin ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Kamfanin Royal Niger ya sami izinin mulki a 1886. Ranar 1 ga Janairu 1900, a Lakwajar nan, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Birtaniya. A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗi. Ba na ɗora wa likitan da ya mutu a 1864 laifin bindigar da aka harba shekara 39 bayansa, amma igiyar da ta haɗa su ba a ɓoye take ba.

Wani hafsan, wata ƙasa

Akwai ɗan Sikotilan na biyu, shi ma hafsan sojan ruwa, wanda labarinsa ya zama kishiyar wannan. Hugh Clapperton, da ya yi tafiya da sunan Abdullahi, ya fara zuwa Sakkwato a 1824, ya dawo a 1826 lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke cikin rikici da Borno. Bello ya hana shi wucewa wurin Shehu Laminu na Borno. Ciwo ya kwantar da shi, ya rasu ranar 13 ga Afrilu 1827 yana da shekara 38.

Baransa Richard Lander, saurayi ɗan shekara 23, ya bar mana bayanin jana'izar. An ɗora gawar a kan raƙumi, an lulluɓe ta da tutar Birtaniya, aka nufi wani ƙauye da ke kan tudu kimanin mil biyar kudu maso gabas da birni. Bello ya ba da mutum huɗu suka haƙa ramin. Lander ya buɗe littafin addu'a ya karanta shi kaɗai, babu wanda ke sauraronsa. Sannan ya raba wa manyan ƙauyen 'yan kyaututtuka, ya roƙe su kada a taɓa wurin, ya biya aka ɗora 'yar bukka a kai. Bukka ba ta jure damina da yawa. Clapperton yana da ƙasa a kansa babu dutse, Baikie yana da dutse babu ƙasa.

Mutanen ƙauyen ba su ga abin mamaki a kabari marar rubutu ba, domin nasu ma haka yake. A al'adarmu tudun ƙasa ake yi, a kafa itace ko fasasshen kasko a wajen kai, bayan wasu shekaru ƙasa ta daidaita. Hubbare na manya ne ƙalilan, kamar na Shehu a Sakkwato da na Bello a Wurno. Inda muke ajiye mamaci shi ne a baki: a sunan jika, a addu'a, a marsiyya irin waɗanda Nana Asma'u ta yi wa 'yan'uwanta. Wannan bambanci yana da illa ga mai tarihi. Wanda ya sassaƙa dutse, maganarsa na nan bayan shekara 160 harafi bai canza ba. Wanda ya ajiye a baki, in jikan ya mutu ba a tambaye shi ba, shi ke nan. Shi ya sa idan aka zo auna wanda ya yi me a Lakwaja, ma'aunin ke rinjaya gefe ɗaya.

Duk da haka mutanen da dutsen ya tsallake sun bar sawu, kuma a cikin aikin Baikie kansa sawun yake. Letafi Zabura na 1881 rubutu ne da za a iya ɗora wa ma'aunin ilimin harshe. Za a iya duba yadda ya sarrafa lamirin suna da jinsi, da kalmomin da ya zaɓa wa Ubangiji da zunubi da maƙiyi da dutse, a ga wace Hausa ce: ta Kano, ta Zazzau, ko ta 'yan kasuwar bakin kogi wadda Nufanci ya taɓa. Muna da abin gwadawa a hannu, wato Magana Hausa da Schön ya wallafa a 1885, wanda kaso mai yawa nasa daga bakin Dorugu ya fito, kuma an san asalin Dorugu, an san ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana aiki da Baturen nan Dan Hausa a makarantar Nasarawa. Idan aka jera littattafan biyu layi da layi, inda suka saɓa zai nuna irin bakin da Baikie ya saurara. Wannan aiki ne da ɗalibin digiri na biyu a sashen Hausa zai iya ɗauka, ya fara da Zabura goma na farko, sannan ya sauka Lakwaja ya zauna da dattawan zuriyar Abbega da rikoda a hannu.